Arisɗo a Zaure

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin wasu masu wa'azi: wai manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, kayan Girkawa ne, duk malamin da ya tsoma baki a cikinsa ya gurɓata tauhidinsa. Maganar tsohuwa ce. Ibnus Salah ya yi fatawar haramta shi tun ƙarni na 13, Ibnu Taimiyya ya rubuta littafi guda na raddi a kan manɗiƙin, Suyuɗi ya zo ya taƙaita littafin. Masu ba da amsa ne suka yi ƙaranci, domin yau da wuya ka tarar da ɗalibai sun zagaye malami a zaure ana fassara musu Sullam, littafin manɗiƙi na Ahdari.

Batun asali babu gardama. Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotal, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi shekara 20 a makarantar Aflaɗon a Atina, kuma shi ya fara tsara ƙa'idojin kafa hujja. An juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, Farabi da Ibnu Sina suka ɗora gini a kai, sharhohin Ibnu Rushdi suka tsallaka jami'o'in Turai. Gazali, wanda ya ragargaji masu falsafa a Tahafut, da hannunsa ya sa manɗiƙi a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi. Daga nan ilimin ya zama ɗan gida. Shehu Magili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya tsara shi a waƙe, ya kuma mayar wa Suyuɗi martani da baitoci. Ahmad Baba na Tambutu ne ya adana mana wannan musayar.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gado shi ne ƙiyasi, musamman haddul wasaɗi, wato kalmar tsakiya da ke ƙulla muƙaddama biyu sannan ta ɓace daga natija. Ka ce: gero hatsi ne, duk hatsi yana shan ruwa kafin ya tsiro, ashe gero yana shan ruwa kafin ya tsiro. "Hatsi" ya yi aikin dillali, ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya koma gefe. Misalin ya yi sauƙi har ya kusa ba da dariya, kuma nan Ibnu Taimiyya ya kama: a ganinsa mai basira ba ya bukatar wannan, daƙiƙi kuma ba zai amfana da shi ba. Wannan suka ce mai kaifi, amma ta dubi ƙiyasin da ya yi daidai ne kawai. Amfaninsa yana fitowa ne a inda ya karye.

Shakali na farko, wato irin tsarin ƙiyasin geron nan, yana da sharaɗi biyu: ƙaramar muƙaddama, wato ta farko, ta kasance mai tabbatarwa, babbar kuma, wato ta biyu, ta game kowa da kowa. To, saurari abin da ake ji kullum a rediyo: Wane ɗan kasuwa ne, 'yan kasuwa suna ɓoye abinci, ashe Wane yana ɓoye abinci. Ɗalibin Sullam zai tsaya a jumla ta biyu ya tambaya: dukkansu ko wasunsu? In wasunsu ne, natija ta faɗi, domin babu abin da ya sa Wane cikin waɗannan wasun. Wani lokacin kuma kalmar tsakiyar ce ke sauya riga, ta shiga jumlar farko da ma'ana ɗaya, ta fito a ta biyu da wata. Yawancin kafirta juna da ake yi a kan mumbari haka aka gina shi, da kalmar "bidi'a" ko "shirka" a tsakiya. Mai basirar ma yana zamewa a nan, kuma mafi yawa a lokacin da natijar ta yi masa daɗi.

Masu cewa wanda ya ɗauki awon Arisɗo dole ya ɗauki aƙidarsa ba su duba tarihi ba. Arisɗo ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko. Malaman kalam suka tunkare shi da ƙiyasinsa: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayawa, su biyun fararru ne, abin da kuma ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Irin wannan hujja ce Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya dunƙule a Ummul Barahin, littafin da aka yi ƙarnoni ana koyon tauhidi da shi daga Tilimsan har ƙasar Hausa, kuma shi kansa Sanusin yana da taƙaitaccen littafi a manɗiƙi. A nawa ra'ayin, wannan shi ne tasirin Arisɗo mafi girma, ya fi duk abin da mabiyansa suka haddace daga ra'ayoyinsa: ya bar ma'aunin da aka auna maganarsa da shi aka ga ta gaza.

Za a ce ai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi 'yan kalam. Ya yaƙi waɗanda ke kafirta talaka don bai iya jero hujjoji ba, kuma ya yi daidai. Bai hana gidansa karatun hankali ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, har falsafar kanta ya yi rubutu a kai.