Ƙaddara da Zaɓi a Wasan Sarki Odifus

Wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atina da ke ƙasar Girka suka kalli wasan Sofokilis a kan Sarki Odifus. Labarin ba baƙonsu ba ne. Wurin duba na Delfi ya sanar da Layus, sarkin Tibis, cewa ɗansa ne ajalinsa. Aka ba makiyayi jaririn ya yar a kan dutse, tausayi ya hana shi, yaro, wato Odifus, ya tashi a fadar Korinti. Da ya girma ya ji cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya bar garin. An yi gudun gara an tarar da zago: ya kashe wani dattijo a mararraba ba tare da ya san cewa Layus ne ba, ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi Tibis, aka ba shi sarauta da Jokasta, matar marigayi.

Mai karatu zai yi saurin cewa ƙaddara ta riga fata. Sai dai dubi inda Sofokilis ya buɗe wasan: duk wannan ya riga ya auku shekaru da dama. Abin da ake gani a dandali shi ne sarki wanda annoba ta faɗa wa garinsa, ya sha alwashin gano wanda ya kashe Layus. Tiresiyas, makahon mai duba, ya ƙi magana, Odifus ya matsa masa. Jokasta ta roƙe shi ya bar bincike, ya ƙi. Tsohon makiyayin ma sai da aka yi masa barazana ya buɗe baki. Sau uku yana da damar ja da baya, sau uku ya zaɓi gaskiya. Tsiyaye idanunsa da ya yi a ƙarshe ma babu shi a cikin duban Delfi. Hannunsa ne ya zartar.

Shi ya sa Aristotil ya ɗora faɗuwar irin wannan gwarzo a kan kuskure, domin Odifus ba mugu ba ne. Ola Rotimi, da ya mayar da labarin ƙasar Yarabawa a 1968, ya ƙara nauyi a kan zafin zuciyar Odewale, wato Odifus na wasansa, da ƙabilanci, a lokacin da Najeriya ke cikin yaƙin basasa.

Mu da muka tashi da imani da ƙaddara, wannan ya shafe mu. Malaman Ash'ariyya sun koyar da cewa Allah ne Mai halittar aiki, bawa kuwa yana da kasabi, a kansa za a yi masa hisabi. Direban da ya san birkinsa ya lalace ya ɗebi fasinja, ba shi da bakin cewa tsautsayi ne. Odifus ya aikata nasa cikin rashin sani, amma da ya sani bai fake da duban Delfi ba. Ya ɗauki laifin a kansa, ya nemi a kore shi domin gari ya tsira.