Cokulan Azurfa na Nabaho

Nabaho wata kabila ce ta mutanen Amurka na asali, mazauna jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta. Ƙirar fari ba gadonsu ba ce tun fil azal. Wanda aka sani ya fara ƙira a cikinsu shi ne Atsidi Sani, watau Tsohon Maƙeri da bakinsu, ba Sani irin namu ba. Wajen wani maƙerin Meziko ya koya. Sana'ar ba ta kankama ba sai bayan 1868, sa'ad da gwamnati ta sake su daga tsarewar shekara huɗu a Bosque Redondo. Kuɗin azurfa suke narkarwa, na Amurka da na Meziko, tsohon magagari kuwa su mai da shi abin buga zane.

Abin da suka ƙera wa kansu, ɗamara mai faya-fayan azurfa da mundaye da adon linzami, nauyi gare shi, zane kaɗan. Dukiya ce, in mutum ya matsu ya kai jingina kanti, in ya sayar da gashin tumakinsa ya fanso.

Cokali kuwa labarinsa dabam. Jirgin ƙasa ya iso wajen 1881 da baƙi masu neman tsaraba, ga shi ana yayin tara ƙananan cokula a Amurka, sai maƙera suka bi kasuwa. To, nan nake da magana. Dubi mariƙin da yawa daga cikinsu, za ka ga kan mutum da hular gashin tsuntsu, alhali hular nan ta kabilun filayen tsakiyar ƙasar ce, Nabaho ba su gaje ta ba. Baƙo ya zo da siffar da ke ransa, maƙeri ya buga masa ya karɓi kuɗinsa. Daga 1899 kamfanin Fred Harvey ya shiga neman kaya marasa nauyi, azurfa ta yi ta sirancewa, zanen kibau ya cika ko'ina.

Amma fa ban bi masu rena cokulan nan duka ba. Na farkon, waɗanda aka buge daga dunƙulen azurfa, juya bayansu ka ga sawun guduma, ba biyu da suka zo ɗaya, hannun gwani bai ɓuya ba ko da aikin na baƙo ne. Waɗansu suna ɗauke da gicciye mai lanƙwasassun hannuwa, tsohuwar alama ce a wurinsu, amma a 1940 suka yi shelar barinta saboda Hitila ya ɓata ta. Da ita masu tara cokula kan gane aikin da ya riga shekarar nan.