Babu Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Sharhi a kan Littafin The Gatekeepers na Chris Whipple

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin The Gatekeepers na Chris Whipple (2017), wanda ya bibiyi tarihin muƙamin shugaban ma'aikatan fadar shugaban Amurka daga zamanin Richard Nixon zuwa na Barack Obama. Maƙalar ta amince cewa littafin ya fito da yadda ake tafiyar da fadar a aikace. Sai dai ta nuna cewa ma'aunin da marubucin ya ɗauka, wato ko shugaba ya cimma abin da yake so, ya kawar da hankalinsa daga tambayar da ta fi nauyi: wa ke bin bahasin ikon da ya taru a hannun mutanen da jama'a ba su zaɓa ba, majalisa kuma ba ta tantance ba?

Fitilun kalmomi: ikon shugaban ƙasa, shugaban ma'aikatan fada, ɓangaren zartarwa, Amurka

1.0 Gabatarwa

Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya danƙa ikon zartarwa ga mutum ɗaya, bai kuma ce komai ba game da waɗanda za su zauna a bakin ƙofarsa. Duk da haka, a yau da wuya takarda ko baƙo su isa gaban shugaban Amurka ba su bi ta hannun shugaban ma'aikatan Fadar White House ba. Wannan muƙami Whipple ya ɗauka ya yi wa littafi, kuma hujjarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe: shugaban da ya naɗa shugaban ma'aikata mai ƙarfi, ya sakar masa mara, shi ne ke yin nasara, wanda ya ƙi yin haka, ko ya zaɓi wanda bai dace ba, mulkinsa kan shiga ruɗani. Bahaushe ya daɗe da taƙaita irin wannan ra'ayi da cewa babu mugun sarki sai mugun bafade. Maƙalar za ta auna ko tarihin fadar Amurka ya gaskata wannan magana.

2.0 Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Whipple ɗan jarida ne mai shirya wa talabijin shirye-shiryen tarihi, kuma littafin ya tsiro ne daga wani shiri da aka nuna a 2013. Tushensa hirarraki ne da tsofaffin shugabannin ma'aikata 17 da ke raye a lokacin, da wasu manyan jami'an gwamnati. Ya buɗe da taron da aka yi a fadar a watan Disamba 2008, inda tsofaffin masu muƙamin daga jam'iyyun biyu suka hallara don ba Rahm Emanuel shawara kafin ya kama aiki da Obama.

Daga nan babi-babi suka bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya. H. R. Haldeman na zamanin Nixon shi ne wanda ya kafa tsarin zamani na tace takardu da baƙi. Gerald Ford ya gwada barin mataimaka da yawa su riƙa shiga wurinsa kai tsaye, abin ya gagara, ya koma ga Donald Rumsfeld, daga baya Dick Cheney. Jimmy Carter ya ƙi naɗa kowa sai a 1979. James Baker na wa'adin farko na Ronald Reagan shi ne gwarzon littafin, Leon Panetta kuma, wanda ya karɓi aiki a 1994, shi aka nuna ya ceto Bill Clinton daga hargitsi. Donald Regan da John Sununu su ne misalan waɗanda girman kai ya kayar.

A nan ƙarfin littafin yake. Mai karatu zai ga cewa lokacin shugaba shi ne abu mafi tsada a fadar, kuma wanda ke riƙe da jadawalinsa yana da hannu a kowace shawara. Zai kuma fahimci aikin da masu muƙamin ke ɗauka a matsayin mafi wuya: gabatar da ra'ayoyi mabambanta ba tare da son zuciya ba, da gaya wa shugaba abin da ba ya son ji. Littattafan kimiyyar siyasa kan bayyana waɗannan abubuwa a dunƙule. Whipple ya nuna su ta bakin waɗanda suka yi aikin.

3.0 Tarihin da Littafin Ya Tsallake

Rauni na farko shi ne inda labarin ya fara. Da yake ya soma daga 1969, littafin ya ɗauki babbar fada mai ɗaruruwan ma'aikata kamar abin da aka tarar, alhali gina ta aka yi, kuma ginin nata shi ne tarihin bunƙasar ikon shugaban ƙasa. Shugabannin farko daga aljihunsu suke biyan sakatarorinsu, waɗanda sau da yawa 'yan uwansu ne. Sai a 1857 Majalisar Dokoki ta ware kuɗin sakatare na musamman ga shugaba.

Babban sauyi ya zo ne a zamanin Franklin Roosevelt, lokacin da ayyukan gwamnatin tarayya suka yawaita sakamakon karayar tattalin arziki. Kwamitin Louis Brownlow da Charles Merriam da Luther Gulick ya ba da rahoto a 1937 cewa shugaba na buƙatar taimako. Dokar sake fasali ta 1939 ta ba shi damar ɗaukar mataimaka shida, kuma a watan Satumba na shekarar aka tsara Ofishin Zartarwa na Shugaban Ƙasa. Hukumar Kasafin Kuɗi, wadda aka kafa a 1921 a ƙarƙashin Baitulmali, aka dawo da ita kusa da shugaba. Majalisar Masu Ba da Shawara kan Tattalin Arziki ta biyo baya a 1946, Majalisar Tsaron Ƙasa a 1947. A 1970 Nixon ya mayar da Hukumar Kasafin Kuɗi ta zama Ofishin Gudanarwa da Kasafin Kuɗi, mai sa ido a kan ma'aikatu baki ɗaya.

Abin lura shi ne sharuɗɗan da kwamitin Brownlow ya gindaya. Ya ce mataimakan ba za su yanke shawara ko ba da umarni da sunan kansu ba, ba za su shiga tsakanin shugaba da shugabannin ma'aikatu ba, kuma su kasance masu guje wa fitowa fili. Muƙamin da Whipple ke yabo ya saɓa wa waɗannan sharuɗɗa kusan duka. Tun zamanin Dwight Eisenhower, Sherman Adams ya riga ya zama shinge tsakanin shugaba da sakatarorinsa, har zuwa lokacin da zargin karɓar kyaututtuka ya tilasta masa murabus a 1958. A 1971 kuma Henry Kissinger, mai ba da shawara kan tsaro, ya yi tafiyar sirri zuwa Sin, aka ajiye Sakataren Harkokin Waje William Rogers a gefe. Bambancin da ke nan yana da nauyi a tsarin mulki: sakataren ma'aikata sai Majalisar Dattawa ta amince da shi, kuma yakan bayyana a gaban kwamitocinta ya amsa tambayoyi, shugaban ma'aikatan fada da mai ba da shawara kan tsaro ba sa bin wannan hanya. Duk shawarar da ta tashi daga ma'aikata ta koma fada, ta yi nisa ke nan da idon majalisa.

4.0 Matsalar Ma'auni

Rauni na biyu ya fi zurfi. Whipple yana auna kowane shugaban ma'aikata da tambaya ɗaya: shin ya taimaki ubangidansa ya cimma manufarsa? Misalai uku daga cikin littafin kansa sun nuna gazawar wannan ma'auni.

Na farko Haldeman. Fadar da ya tafiyar tana daga cikin mafiya tsari, kuma daga cikinta badaƙalar Watergate ta fito. Faifan 23 ga Yuni 1972, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Nixon, hira ce tsakanin Nixon da Haldeman kan yadda za a sa hukumar CIA ta dakatar da binciken FBI. An same shi da laifi a farkon 1975, ya yi wata 18 a kurkuku. Littafin bai ɓoye wannan ba, amma ya fassara shi a matsayin gazawar mutum wajen taka wa shugabansa birki. Tarihi ya nuna cewa waɗanda suka taka birkin suna wajen fada: kwamitin binciken Majalisar Dattawa, da 'yan jarida, da Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuli 1974 ta umarci Nixon ya miƙa faya-fayan.

Na biyu Baker. Littafin ya jingina badaƙalar sayar wa Iran makamai da karkatar da kuɗin ga 'yan tawayen Nikaraguwa da zamanin Regan, wanda ya yi musayar muƙami da Baker a farkon 1985. Gaskiya ne kwamitin Tower ya ɗora wa Regan alhakin ruɗanin da ya biyo bayan tonuwar asiri a rahotonsa na Fabrairu 1987. Amma dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaraguwa, wanda Kotun Duniya ta ce a 1986 ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, a farkon 1984 aka yi shi, Baker na kan kujera. Haka nan umarni mai lamba 12291 na Fabrairu 1981, wanda ya tilasta wa ma'aikatu kai manyan ƙa'idojinsu ofishin kasafin kuɗi na fada kafin su fitar da su, a watansa na farko a ofis aka sa masa hannu. Iya gudanarwa ya sa fadar Reagan ta yi aiki sumul, ya kuma ƙara tattara iko a cikinta.

Na uku Cheney. Whipple ya yabe shi a matsayin shugaban ma'aikata mai sauƙin kai a ƙarƙashin Ford daga 1975 zuwa 1977, ya kuma yi mamakin yadda ya sauya bayan ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Akwai zaren da ya haɗa zamunan biyu. Cheney ya zauna a fada a shekarun da majalisa ke ƙoƙarin rage ikon shugaba ta hanyar dokar ikon yaƙi ta 1973 da dokar hana riƙe kuɗin kasafi ta 1974, ya fita da imanin cewa an raunana ofishin. A 1987 yana cikin jagororin rahoton 'yan tsiraru na kwamitin binciken badaƙalar Iran, wanda ya kare ikon shugaba a harkokin waje. Abin da ya yi bayan harin 11 ga Satumba 2001 ci gaban wannan ra'ayi ne.

Akwai kuma misalan da fara labari daga 1969 ya kawar. Roosevelt da gangan yakan ba mataimaka biyu aiki ɗaya don su yi gasa, bayanai su riƙa zuwa masa ta hanyoyi da dama, salon da Richard Neustadt (1960) ya yaba. Lyndon Johnson bai naɗa shugaban ma'aikata a hukumance ba, amma ya samar da dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965. Shi ɗin ne kuma ya zurfafa yaƙin Biyetnam. Nasararsa da kuskurensa duka ba su bi ƙa'idar Whipple ba.

5.0 Matsalar Shaidu

Mafi yawan shaidun littafin su ne masu muƙamin da abokan aikinsu, kuma wanda ya riƙe ofis ba ya rasa dalilin ganin muhimmancinsa. Muryar sakatarorin da aka toshe wa hanya, da 'yan majalisar da aka hana wa bayani, da ma'aikatan gwamnati na dindindin, ba ta fito sosai ba. Da marubucin ya tattauna da hujjar Arthur Schlesinger (1973), wanda ya yi gargaɗi cewa shugabancin Amurka yana rikiɗewa zuwa wani abu mai kama da sarauta, da ya ga cewa ƙarfin fada na iya zama matsala ko da mutumin kirki ne ke tsaron ƙofarta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1 ga Yuli 2024, wanda ya ba shugaba kariya mai faɗi daga tuhuma a kan ayyukansa na ofis, ya ƙara wa wannan gargaɗi nauyi.

Tambayar ta wuce Amurka. Najeriya ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, sannan Olusegun Obasanjo ya shigo da muƙamin shugaban ma'aikatan fada a 1999. A watan Agusta 2019 Muhammadu Buhari ya umarci sababbin ministocinsa su riƙa neman ganinsa ta hannun Abba Kyari, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A ma'aunin Whipple wannan tsari ne mai kyau. Amma ministocin Majalisar Dattawa ce ta tantance su, mai tsaron ƙofar kuwa kundin tsarin mulkin 1999 bai ambaci muƙaminsa ba. Wanda ya karanta littafin a matsayin jagorar gyaran fada zai rasa amsar wannan giɓi a cikinsa.

6.0 Kammalawa

The Gatekeepers littafi ne mai daɗin karatu, kuma taska ce ta shaidar baka ga mai nazarin fadar Amurka daga 1969 zuwa 2017. Ya tabbatar da cewa fada marar tsari tana jawo wa shugaba asara. Bai tabbatar da cewa fada mai tsari tana kare jama'a daga shugaba ba, kuma misalan Haldeman da Baker da Cheney sun nuna akasin haka na iya faruwa. Karin maganar mugun bafade tana wanke sarki, ta mayar da gyara ya zama neman bafade nagari. A tsarin dimokuraɗiyya shugaba ne ke zaɓar mai tsaron ƙofarsa, shi ke sallamarsa, don haka alhakin yana wuyansa, kuma majalisa da kotu ne aka ɗora wa bin bahasinsa. Ya dace ɗalibai su karanta littafin tare da na Neustadt da na Schlesinger, domin su haɗa sanin yadda fada ke aiki da sanin yadda ta kai ga wannan girma.