Kwana uku a ɗakin baya

Ranar 15 ga watan Yunin 2020 aka ba shagunan Ingila izinin sake buɗewa, bayan dokar kullen korona da aka sanar tun 23 ga Maris. Mai sayar da sababbin kaya nasa da sauƙi, domin hajarsa daga masana'anta take zuwa a rufe cikin kwali. Amma akwai wasu shaguna sama da 10,000 a faɗin Birtaniya waɗanda hajarsu daga ɗakunan kwanan mutane take fitowa. Su ne shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation da Barnardo's. Mutum zai kawo rigar da ya daina sawa, ko littafi, ko kwanuka, kyauta. 'Yan sa-kai su gyara, su sa farashi. Kuɗin ya tafi ga binciken ciwon zuciya ko kula da yara marasa galihu. To a lokacin da kowa ke tsoron taɓa mariƙin ƙofa, yaya za ka karɓi ƙullin kayan da ba ka san gidan da ya fito ba?

Amsar da suka samo ita ce lokaci. A watan Maris na shekarar, wani bincike da ya fito a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ya nuna ƙwayar cutar na iya kai awa 72 a kan roba da ƙarfe, kwali kuwa ba ta wuce awa 24 a kansa. Daga nan aka ɗauki mafi tsawo aka yi doka da shi: duk abin da ya shigo shago sai an killace shi kwana uku kafin hannu ya shiga cikinsa. Ƙungiyar da ke haɗa kan waɗannan shaguna, Charity Retail Association, ta sa wannan cikin shawarwarin da ta ba mambobinta.

Faɗin dokar ba wuya. Aiki da ita a ɗakin bayan shago, wanda galibi matsattse ne, nan gwaninta take. A wancan lokacin mai kawo kaya ba ya miƙa ledarsa hannu da hannu. Zai ajiye ta da kansa cikin wani keji mai ƙafafun taya ko babban kwando a bakin ƙofa, ya ja baya. Mai karɓa, sanye da safar hannu da takunkumi, ba ta kwance bakin ledar ba, ba ta ko leƙa. Sai ta ɗauki alƙalami mai kauri ta rubuta rana a jikin takarda, ta manna, ta tura kejin zuwa gurbinsa. An raba ƙasan ɗakin da salatif zuwa gurabe, kowanne da ranarsa. Kayan Litinin ba za a buɗe su ba sai Alhamis, na Talata sai Juma'a. Idan leda ɗaya ta yau ta faɗa cikin tarin shekaranjiya, lissafin tarin gaba ɗaya ya koma farko. Shi ya sa ƙwararriyar manaja ba ta yarda a ce "ai na tuna ranar da aka kawo shi". Abin da ke rubuce a takarda shi ne shaida.

Akwai kuma lissafin da ba a gani. A da, leda na shigowa da safe, kafin azahar rigar cikinta tana rataye ana cinikinta. Da aka kafa dokar kuwa, kowace leda tana cin wuri na kwana uku, wato ɗakin dole ya ɗauki kayan kwana uku a lokaci guda. Ga shi mutane sun shafe watanni a gida suna kakkaɓe akwatuna, kaya sun taru kamar a kaka. Saboda haka manaja kan auna gurbin yini, ta san leda nawa zai ɗauka, da ya cika ta fitar da allo cewa yau an rufe karɓa. Wasu shagunan sun ce a bugo waya tukuna. Hana mai kyauta ajiye kyautarsa abu ne mai nauyi a baki, amma na ga dacewarsa ƙwarai. Wanda ya ƙi jira, ya lallaɓo da dare ya jibge ledoji a ƙofar shago, yakan tafi da zaton ya yi sadaka. Ruwan sama ya jiƙa su, dila ta yayyaga, washegari 'yan sa-kai ne za su kwashe, ƙungiyar kuma ta biya kuɗin zubarwa.

Ranar da wa'adi ya cika sai a zazzage ledar a kan tebur, ba a cusa hannu cikinta, don akan ci karo da allura ko fasasshen gilashi. Mai tantancewa tana ɗaga riga ta wuya, ta duba kwala da hammata, inda dauɗa ke fara kamawa. Ta ja zif sama da ƙasa, ta ƙirga maɓallai, ta lalube aljihu, ta ɗaga rigar sanyi wajen haske ko asu ya huda ta. 'Yan daƙiƙu ke nan, ta yanke hukunci: wannan na rataya ne, wannan a ajiye sai lokacin hunturu, wancan na tsumma. Kayan wasan yara sai an ga tambarin CE, alamar sun cika ƙa'idar kariya. Kujerar katifa sai da lambarta mai nuna ba ta saurin kama wuta. Kayan lantarki ba a fitar da su sai wanda aka horar ya gwada su da na'ura.

Daga tebur sai wajen tururi. Na'urar tukunya ce mai tafasa ruwa, da doguwar mesa mai faffaɗan baki. Ana rataye rigar a hanga, a riƙe gefenta a ja kaɗan, a bi ta da bakin mesar daga kafaɗa zuwa ƙasa, sai yamutsin ya saki. Sannan a maƙala farashi. Idan mai kyautar ya yi rajistar Gift Aid, wato tsarin da gwamnati ke ƙara wa ƙungiyar peni 25 a kan kowane fam daga harajin da ya riga ya biya, dole lambarsa ta bi rigar tun daga leda har teburin biya. Kwana ukun killacewa ya sa wannan ya ƙara wuya, domin takarda na ɓata, kuɗin ya ɓata.

Gaban shago kuwa an rage maratayai don a samu tazarar mita 2, an zana kibiyoyi a ƙasa, an kafa gilashin roba gaban mai karɓar kuɗi, an rufe ɗakin gwada kaya, an ajiye man tsaftace hannu a ƙofa tare da mai ƙirga masu shiga. Daga 24 ga Yuli takunkumi ya zama dole ga masu saye. Duk wannan aiki da hannaye kaɗan aka yi shi, domin da yawa cikin gogaggun 'yan sa-kai tsofaffi ne da aka shawarta su kiyaye fita. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ba su buɗe duka shagunansu a ranar farko ba, sai kaɗan-kaɗan.

Kayan da aka ware na tsumma ma ba shara ba ne. 'Yan kasuwa ke saye da awo, su sake tantancewa, su matse su cikin diloli, jirgin ruwa ya kai su Afirka da Gabashin Turai. Wanda ya taɓa tsayawa ana fasa dilar gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano ya san ƙarshen irin wannan tafiya. A 2020 hanyar ta toshe: Kenya ta hana shigo da gwanjo daga Maris har Agusta, farashin tsumma ya faɗi, ledoji suka ƙara cunkushe ɗakunan baya.

Daga baya ilimi ya ƙaru. A Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa kamuwa ta hanyar taɓa kaya ba ta da yawa, iska ce babbar hanya. Wani zai ce ashe wahalar banza aka sha. Ni ban ce haka ba, domin da abin da aka sani a lokacin aka yi aiki, kuma ƙayyade masu shiga da ba da tazara sun yi amfani ko da dalilin farko ya sauya. An sake rufe shagunan a Nuwamban 2020, aka kuma rufe a Janairun 2021. Da suka buɗe ranar 12 ga Afrilun 2021, manajoji sun ƙara sabon aiki a jerin na safe: a tokare ƙofar gaba, a buɗe tagar ɗakin baya, kafin a taɓa leda ko ɗaya.