Daga Faranti Zuwa Waya: Sharhi Kan Tallar Ƙananan 'Yan Kasuwa

Shekara tara ke nan ina karanta talla a rediyo, da Hausa da Fulatanci, wani lokacin da Faransanci. Ranar da na fara aiki, wanda ya koya mini ya miƙo mini takardar wani mai shagon atamfa, ya ce in mayar da ita daƙiƙa talatin. Na cika ta da kirari, na kawo masa ina jin daɗi. Ya karanta, ya ce: "Ƙanena, mene ne kayan? Nawa ne? Ina ake samunsa? Wa za a kama in ya ɓaci?" Ko ɗaya ban amsa ba. Tun daga ranar, da waɗannan tambayoyi huɗu nake auna duk tallar da ta shigo kunnena, kuma da su zan auna wadda ta cika mana wayoyi a yau.

Gara in faɗi inda nake tsaye tun da wuri. Masu ƙananan sana'o'in da a da suke zuwa tasharmu da 'yar takarda a hannu sun ragu ƙwarai, sun koma WhatsApp da Facebook da TikTok. Mai karatu na da damar ya ce kishi ke cina. Na yarda akwai ɗan wannan. Amma ina ganin talla rubutu ce, ana tsara ta, ana zaɓar mata kalmomi, kuma a Banyo ko Garwa mutanen da ke karanta ta kullum sun ninka masu karanta littafi. Rubutun da ke da masu karatu haka ya cancanci a yi masa sharhi.

Kasuwancin cikin gida ya daɗe a wurinmu. A 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa: matan kulle suna saye da sayarwa daga ɗakunansu, yara ne ƙafafunsu. Farantin 'yar talla yana amsa tambayoyin nan huɗu ba tare da an rubuta komai ba. Kaya ga shi a buɗe, yarinya na faɗin kuɗi da baki, kowa ya san gidan da ta fito, in ƙosai ya yi tsami an san ƙofar da za a yi sallama. Sai dai farantin ya ci karatun 'yan mata da yawa, ya jefa wasu cikin abin da ba a fata. Duk wayar da ta sauke faranti daga kan yarinya ta mayar da ita aji, ta yi aikin lada, kuma duk sukar da zan yi ba ta goge wannan ba.

Mafi kyawun tallar waya da nake gani ita ce ta sitatus ɗin WhatsApp, wanda ya fito a Fabrairun 2017. Awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kuka ajiye lambar juna. Ke nan unguwa ce, masu kallo sun san ka. Akwai goggona da ke sarin zuma daga ƙauyukan da ke kan hanyar Tibati. Ga abin da ta sa wata rana a ƙarƙashin hoton jarka: "Zuma ta iso yau. Lita ashirin ce kawai. Lita jaka biyu da rabi. Ta bana ta yi duhu, kuma akwai ɗan kaki a sama, mai so ya tace. Ina gida har la'asar." Goggo ko firamare ba ta gama ba, amma ni da difulomata ban taɓa rubuta wadda ta kai wannan ba. Jimla biyar, ba kirari ko ɗaya. Ta faɗi adadi, mai saye ya san in ya yi nawa zai rasa. Ta faɗi aibin kayanta da bakinta, abin da duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san shari'a ta wajabta, kuma wannan aibin da ta faɗa shi ne ya sa aka gaskata sauran maganar. Kafin magariba jarka ta ƙare.

Daga nan abin ya fara gangara. Kashi na biyu shi ne tallar kwafi. Yarinya a Banyo ta shiga rukunin masu sari na Kano ko Kaduna, ta ɗauko hoto da rubutun da ke ƙasansa, ta manna. Sau da yawa har alamar naira tana nan, a garin da ake ciniki da sefa. Kalmomin kuwa guda nawa ne, suna ta zagaye: ingantacce, na gani na faɗa, sai wanda ya gani, na manyan mata, hajiyata kar ki bari a ba ki labari. Turaren wuta ingantacce ne, takalmi ingantacce ne, garin kunu ma haka. Kalmar da aka liƙa wa komai ta daina nuna komai, kamar kuɗin da ya sha hannu har rubutunsa ya goge. Hausar ma ta aro ce. Mu nan muna cewa rezo, muna cewa butik, muna cakuɗa Fulatanci a tsakiyar zance, kuma maƙwabciyarki ta san haka kike magana. Ranar da ta ga kin rikiɗe kin koma Bakanuwar Kantin Kwari, ta gane ba ke ce ke magana ba, ta kuma yi zargin kayan ma ba ya hannunki. Yawanci zarginta gaskiya ne.

Babban laifin wannan kashi shi ne ɓoye farashi. A sa hoto, a rubuta "mai so ya biyo ni ta sirri." Na tambayi masu yin haka, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna tsoron abokiyar gasa ta gani ta karya kuɗi. Suna cewa ciniki al'adarmu ce, ba a yanke kuɗi tun kafin a taya. Masu sari daga Najeriya suna ƙarawa da cewa tun da aka saki naira a Yunin 2023 canji bai zauna wuri ɗaya ba, farashin yau ba shi ne na jibi ba. Wannan na ƙarshe maganinsa sauƙi: a rubuta kuɗin tare da ranar. Na al'ada kuwa, a duba yadda ake yi a kasuwar shanu. Ana tayawa, ana albarka, amma a gaban dillali da jama'a, kuma la'adar da dillali ke karɓa kuɗin shaida ne. Cinikin cikin sirri ba shi da shaida. Ana duban hoton mai tambaya a yanka masa kuɗi daidai da rigarsa, kuma ranar da mata biyu suka haɗu a gidan suna suka gane an sayar musu da mayafi ɗaya a kuɗi biyu, an rasa su duka.

Kashi na uku shi ne bidiyon haya. Mai shago ya biya wani ɗan barkwanci ko wata mai tashe a TikTok, a yi wasa na minti ɗaya, a ambaci shagon a ƙarshe. A matsayin wasa, wasu suna da kyau, ina dariya. A matsayin talla, kusan duk sun faɗi. Gwada da kanka: bayan ka kalla, tambayi na kusa da kai sunan shagon. Zai tuna faɗuwar da ɗan wasan ya yi, zai tuna habaicin, sunan shago kuwa ya bi iska. Wannan roƙo ne da sabuwar riga, kuma maroƙi mai kaya yake wasawa, shi ya sa mai shago ke jin daɗi ko da bai sayar da komai ba. Ga kuma lissafin da ba a yi. Mabiyan ɗan wasan suna Kano, suna Yamai, suna Jidda, suna Kumasi. Mai shago yana Banyo, inda kunshi zai bi motar haya ta Bankim zuwa Fumban, ko ta Tibati zuwa Ngaundere, a kan hanyar da damina ke mayar da tafiyar yini ta kwana biyu. Mutum dubu hamsin da suka kalla daga nesa ba su kai masa mutum hamsin na unguwarsa amfani ba. Ga mai kilishi a Garwa, wanda kayansa ke jure tafiya kuma motocin Yawunde da Duwala ke tashi kullum, lissafin na iya fita. Ga mai dambun nama biyar a roba, asara ce.

Kashi na huɗu shi ya fi damuna, don ya shafi adabi kai tsaye: tallar da ke cikin littattafan da ake saki babi-babi a WhatsApp da Facebook. Ana tsakiyar labari, uwargida ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani, sai ga layi goma na tallar kayan gyaran jiki da lambar waya. Ban ga laifin marubuciya ta nemi abinci ba. Kasuwar littafin takarda ta Kano ta ja baya, littafin kuɗi kuma kafin a kwana an tura shi rukuni goma kyauta. Jarida ma, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, da talla take tafiya, mu ma a rediyo haka. Amma jarida na ja wa talla layi, mu kuma muna sa ɗan kiɗa kafin ta da bayanta, don mai saurare ya san yanzu kuɗi ke magana. Abin da ya ɓaci shi ne inda aka goge layin. Na karanta labarin da aurensa ya kusa mutuwa saboda raini da rashin adalci tsakanin kishiyoyi, matsala ta gaske, an gina ta da kyau har babi talatin. Sai wata ƙawa ta bayyana da wani haɗi, ta faɗi sunan mai sayarwa, cikin babi biyu miji ya dawo yana rawar jiki. A nan an sayar da labarin kansa. An cuci mai karatu sau biyu: an ƙwace mata ƙarshen da labarin ya cancanta, an kuma koya mata cewa zalunci a gidan aure a kwalba ake maganinsa. Kuma abin sha ne, abin matsi ne, zai shiga jikin mutum. A Kamaru dokar talla ta 29 ga Disamba 2006 ta hana tallar yaudara, a Najeriya akwai lambar NAFDAC da ake nema a jikin magani. Mu in mai magani ya zo tasha sai mun nemi takardunsa. A cikin babi ba mai tambaya, kuma amanar da marubuciya ta shekara tana tarawa ita ake jinginarwa.

Saura magana ɗaya ga masu sana'ar kansu. Rumfar nan ta aro ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Maƙwabtanmu na Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun ga abin da ya fi haka a 2017, lokacin da aka yanke musu intanet daga 17 ga Janairu har 20 ga Afrilu. Ko rezo na nan, akwai kuɗin data, akwai na cirewa a Orange Money ko MTN, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora kan turawa da cirewa tun Janairun 2022. Mai ribar sefa ɗari biyu a kan kaya dole ta san wannan kafin ta ce tallar waya kyauta ce.

Goggona tana da wani tsohon littafin makaranta da jikarta ke rubuta mata sunan duk wanda ya taɓa sayen zuma, da lambarsa, da unguwarsa, da ko ya biya. Na taɓa yi mata tsiya na ce, "Goggo, ga waya a hannunki, me za ki yi da wannan?" Ta ce, "Ɗan nan, waya tana faɗawa rijiya." Watanni kaɗan bayan haka aka sace wayar a kasuwa. Kwana uku ta yi kafin ta sayi wata, jikarta ta zauna da littafin ta mayar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma da jarka ta gaba ta iso, ta sake rubuta adadin lita, da kuɗin, da abin da ke damun zumar.