Fim a Kulle, Mukulli Mai Wa'adi

Idan aka kashe fitilu a ɗakin sinima, waiwaya baya ka dubi 'yar tagar nan da haske ke fitowa. A bayanta mai kula da majigi yake, kuma aikinsa ya fara tun jiya.

A da, fim a naɗe yake zuwa, faifai biyar ko shida, kowanne na kusan minti ashirin. Yanzu yana zuwa cikin ɗan faifan ajiya na kwamfuta, ko ta intanet, a wani ƙunshi da ake kira DCP. Manyan kamfanonin Hollywood ne suka haɗa kai a 2002, suka fitar da ƙa'idarsa a 2005.

Mai kula da majigi zai zare faifan daga akwatinsa, ya zura shi cikin babbar kwamfutar ajiya, ya jira a kwafe. Jiran yana da tsawo, don fim guda kan haura gigabait 100: kowane hoto an adana shi daban, hotuna 24 a kowace daƙiƙa. An gama kwafa, amma fim yana nan a kulle. Mukullinsa, KDM, ɗan fayil ne da ake turowa ta imel, an yanka shi don wannan na'ura kaɗai, ɗauke da ranar buɗewa da ranar rufewa. Wa'adi na cika, allo ba zai nuna komai ba. Shi ya sa gwani yake karanta kwanan wata tun kafin a sayar da tikiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana cikin majigin kansa. Kamfanin Texas Instruments ya ƙera wata 'yar ƙwaya da ke ɗauke da madubai fiye da miliyan biyu, kowane madubi ɗigo guda ne a kan allo. Yana karkata sau dubbai a daƙiƙa: ya fuskanci allo, haske, ya kauce, duhu. Ƙwayoyin uku ne, ta ja, ta kore, ta shuɗi, daga nan duk launukan suke haɗuwa.

Wani zai danna maɓalli ya koma kan wayarsa. Gwani kuwa yakan sauko, ya zauna a kujerar tsakiya cikin ɗakin da babu kowa, ya duba ko gefen hoto ya yanke, ya saurari kowace lasifika. Sannan ya hau sama da tsumma mai laushi, ya goge ƙurar da ta kwanta a gilashin tagar.