Sharhin Fim: A 'Selma', Wa Ya Ciyar Da Masu Tattaki?

Mai karatu, in ka saba da finafinan da jarumi ke casa ƙarti goma shi kaɗai, to 'Selma' zai ba ka mamaki, domin a nan jaruman ake jibga, kuma ba su ramawa. Fim ɗin ya fito a 2014. Darakta Ava DuVernay ta ɗauko labarin tattakin lumana da baƙar fatar Amurka suka yi a 1965 daga garin Selma zuwa Montgomery a jihar Alabama, suna neman 'yancin jefa ƙuri'a. David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya fito a Martin Luther King, kuma gaskiya ya ci kuɗinsa.

Fitowar gadar Edmund Pettus kam ba a magana. Ranar 7 ga Maris jami'an tsaro suka afka wa mutum kusan 600 da kulake da dawakai da barkonon tsohuwa. Duk taurin zuciyarka sai ka kau da kai.

Ƙorafina yana kan tattakin ƙarshe. Bayan Alƙali Frank Johnson ya ce suna da 'yancin fita, sai darakta ta haɗa mu da tsoffin hotuna da waƙa, kafin ka ce kwabo an iso. Haba! Tafiyar mil 54 ce fa, daga 21 zuwa 25 ga Maris. Kotu ta ƙayyade mutum 300 kacal a inda hanya ta tsuke. Gwamna George Wallace ya ce jiharsa ba za ta iya ɗaukar kuɗin tsaronsu ba, sai da Shugaba Lyndon Johnson ya turo sojoji. Manoma baƙar fata ne suka ba da aron filayensu aka kafa tantuna, alhali sun san abin da zai iya biyo baya. To wa ya dafa abinci? Wa ya zuba wa motoci mai? Waɗannan mutanen ba ka ganin su, ga shi kuwa ba domin su ba da takardar alƙali ta tashi a banza.

Ko Viola Liuzzo, Baturiya mai 'ya'ya biyar da 'yan Ku Klux Klan suka harbe a daren 25 ga Maris tana jigilar masu tattaki da motarta, leƙowa kawai ta yi. Labarin mutuwarta sai a ɗan rubutun ƙarshen fim za ka gan shi, lokacin da rabin 'yan kallo sun miƙe suna neman takalmansu.